Kumfa a Bakin Gora

Shekarun da na yi ina sana'ar zoɓo a unguwar Sabo ta Ibadan sun fi na auren wasu matan layinmu yawa. A cikin gida nake dafawa, in tace, in ɗura a gorunan roba, in jera a firiza, masu saye su yi sallama daga zaure. Ganyen daga kasuwar Shasha ake kawo mini, wurin wani ɗan garinmu da ke sauke kaya daga Arewa. Citta nake sawa, da kanumfari, da ɓawon abarba, da sukari daidai baki. Ba na sa kala. In azumi ya zo, har masallacin layinmu ake ɗaukar kula guda don buɗa-baki.

Ina da wata ɗabi'a da kowa ya san ni da ita. Duk gorar da ta kwana, musamman in an ɗauke wuta firiza ta saki, sai na kara ta a kunnena kafin in buɗe. In murɗa murfin a hankali. In na ji ta yi ɗan huci, ko na ga kumfa ta taru a bakinta, shi ke nan, kwata za ta sha. Tun ina yarinya aka gaya mini abin sha in ya fara kumfa ya kama hanyar zama giya, ni kuwa tsoro ya yi mini yawa. Marigayi maigidana, wanda fataucin goro yake yi, yakan tsaya yana kallona yana dariya.

"Likitar gora," in ji shi, "yau wace ce ba ta da lafiya?"

"Ka bar ni. Bakin mutane zai shiga."

"Ke dai ko ruwan randa ne sai kin tambaye shi inda ya kwana."

Gaskiya ya faɗa. Ni mace ce da ke maimaita alwala in ta yi shakka, ta koma ta duba ƙofar da ta riga ta kulle. Ban zaɓi wannan hali ba, da shi na tashi.

'Yata ta fari ita ce dalilin wannan rubutu. Ba na kiran sunanta, kamar yadda uwata ba ta kira nawa ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", ko da ta girma ta fi ni tsawo. Abu guda ta taɓa roƙona da gaske a rayuwarta, wato in sa wa wani karatu nata albarka. Yadda aka yi muka kai ga wannan roƙo nake so in faɗa.

Tun tana ƙarama gorunan da nake zubarwa suke ba ta sha'awa. Takan ɗauki wadda ta kumbura, ta matsa ta da yatsa, ta ce, "Mama, wa ya hura mata iska, bayan a rufe take?" Ni karatuna a firamare ya tsaya. Sai in ce zafi ne. Ta ce ai ruwan da ke gora bai kumbura ba, shi ma yana cikin zafin. Sai in ce ta tashi ta ba ni wuri.

Da ta samu shiga jami'a a nan Ibadan, fannin kimiyyar abinci, na yi murna har na raba zoɓo kyauta a layi. A zatona za ta koyo yadda ake yin biskit da madarar gwangwani, ta samu aiki a kamfani. Mahaifinta bai ga ƙarshen karatun ba, tana aji biyu ya rasu.

A shekararta ta ƙarshe malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka rufe ɗakunan gwaje-gwaje. Wata rana da hantsi sai ga ta da keke-napep cike da ƙananan jarkoki farare, kowace da lamba a jikinta. An huda murfin kowace, an zura siririn tiyo, ƙarshen tiyon yana cikin kwalbar ruwa. Ta jera su a lungun bayan kicin inda rana ba ta kaiwa.

"Mene ne wannan?"

"Aikin kammala karatuna ne, Mama. In na bar shi a makaranta zai lalace."

Na leƙa. Ja ne wur, irin jan da na fi sani a duniya. Na ce ai wannan zoɓo ne. Ta ce e, zoɓo ne.  Ina wanke-wanke ina jin kwalaben nan suna ɓul, ɓul, kamar masu numfashi. Da aka kwana biyu wani wari ya fara tasowa, tsami-tsami da zaƙi-zaƙi. Warin gorar da nake zubarwa ne, sai dai wannan ba a zubar da shi, reno ake yi masa.

Maƙwabciyata mai alkaki ta shigo aron turmi, ta ja hanci.

"Mai zoɓo, yau kuma firiza ce ta mutu ko ke ce kika mutu? Wannan wari fa?"

"Kayan makarantar yarinyar nan ne, Hajiya."

"To Allah ya sa albarka. Amma in haka boko yake wari, gara da ban yi ba."

Tana fita na kira yarinyar, na ce ta zauna ta gaya mini gaskiya. Ba ta yi mini ƙarya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ce giya ce ake yi da zoɓo, irin yadda ake yin giyar inabi a ƙasashen da inabi ke fitowa. Malamin da ke duba aikinta ne ya raba musu batutuwa, wannan ya faɗo kanta. Ta ce akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ne yis ɗin da ake sa wa burodi. Suna cin sukari, su fitar da iska da abin da ke sa maye. Aikinta ta auna yadda suke ci, da zafin da suka fi so, da lokacin da suke gajiya su kwanta a ƙasan jarka.

"Kin sha?" Abin da na fara tambaya ke nan.

"Wallahi ko ɗigo bai taɓa harshena ba. Hanci nake sawa, da ma'auni. Ƙawata ce ke ɗanɗanawa."

Ƙawar tata Bayarabiya ce, Kirista, yarinya mai fara'a. Takan zo ta durƙusa ta gaishe ni da Yarbanci, "E ku ile, Ma." Ta zuba abin a ɗan kofi, ta ɗaga shi ga haske, ta shinshina, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar a bokiti. Da ta ga fuskata sai ta yi dariya ta ce, "Mummy, no fear, na my mouth dey do the work." Wai in kwantar da hankalina, bakinta ne ke aikin. Na yi mata murmushi. Tana tafiya na wanke bokitin da kofin da inda ta zauna.

Daga nan na shiga wanki. Yarinyar ta sayi tukunyarta da matatarta da ludayinta, ba ta taɓa nawa ba, amma zuciyata ba ta yarda ba. Ko ƙuda ya tashi daga lungun can ya sauka a kan tukunyata? Ko ta taɓa jarka ta zo ta taɓa murfin firiza? Na wanke kayan sana'ata har fatar hannuna ta fara tsagewa.

Ita ta ga hannun. Tausayina ta ji, na sani, shi ya sa ta yi abin da ta yi. Ta zaunar da ni a tabarma, ta ɗauko wani dogon gilashi siriri mai rubutu a jiki, wanda in an sa shi a ruwa yake tsayawa a tsaye yana lilo. Ta ɗibi zoɓona na ranar, ta sa gilashin, ta nuna mini inda ya tsaya. Ta ce wannan yawan sukarin ne. Ta ajiye gorar a waje. Washegari ta sake aunawa, gilashin ya ɗan ƙara nutsewa.

"Kin gani, Mama? Sukarin ya ragu. Ina ya tafi?"

Na dubi gilashin, na dube ta.

"Su ne suka ci. Suna jikin ɓawon abarbarki, suna cikin iska, suna hannunmu. Ba daga jarkokina suka zo ba, tun kafin a haife ni suna gidan nan. Ko kunu ne, ko furar da ta kwana, ko burodi, duk haka ne. Abin da suke fitarwa a gorarki ɗan mitsitsi ne, ko mutum ya sha duro guda cikinsa ne kawai zai kumbura. To kin ga ba abin wanke hannu har ya fashe ba ne?"

Na ɗauki gorar na kara a kunnena, na murɗa murfin. Ba ta yi huci ba. Ba kumfa ko kaɗan. Da a da ne, da na mayar da ita firiza na sayar da zuciya ɗaya.

"Wato kafin in ji hucin, sun daɗe da farawa?"

"E, amma Mama, ki ji ƙarshen maganar mana."

Na ji ƙarshen maganar. Farkonta ne ya zauna mini. Duk shekarun nan ina tsammanin kunnena na tsare ni, ashe a makare yake zuwa. Na tuna dattawan masallaci, sun wuni da ƙishirwa, an kira salla, sun yi bismilla sun kafa kai a gorata. Na tuna masu jego da aka aika wa, da yaran da aka saya wa a hanyar Islamiyya.

Na kai maganar wurin malamarmu ta makarantar matan aure. Mace ce mai haƙuri. Ta saurare ni har na gama, ta ce abin da mai yawansa ba ya sa maye ba giya ba ne, in je in ci gaba da sana'ata, in daina buɗe wa waswasi ƙofa. Na yarda da ita, har yau na yarda. Amma in na tsaya gaban tukunya sai in ga kamar ina ganin halittun nan suna iyo. Na rage dahuwa, na ce sai na yau kawai zan sayar. Abin da ya kai la'asar sai in zubar. Daga baya na koma zubarwa tun azahar. Masu saye suka gaji da jin "ya ƙare", suka koma wani layi. Azumin shekarar, da aka aiko daga masallaci, na ce a ba su haƙuri. Na wanke tukunyar na kife ta a kan rumfa.

Hajiya mai alkaki ta yi mini tatas. "Ke dai an yi wahalalliya. Mutane na neman abin yi, ke kin kife naki saboda ƙwaron da ko ganinsa ba ki taɓa yi ba."

 Na ga yadda yarinyar take kauce wa kallon tukunyar.

Aka janye yajin aiki, jarkoki suka koma makaranta, ta gama. Aikin nata ya yi kyau ƙwarai, har malaminta ya tura shi wani wuri. Bayan wasu watanni ta dawo gida da rana tsaka, ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa a gabana. Wata jami'a a Afirka ta Kudu ta ba ta gurbin ƙarin karatu, su za su ɗauki nauyin komai. Karatun kuwa na kimiyyar inabi ne da giyarsa.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta nuna mini hotuna a waya, gonaki a jere a gindin duwatsu. Ta ce ilimi ne mai zurfi, ana karanta ƙasar da itacen ke tsira a kai, da yawan ranar da ya sha, da fatar 'ya'yan, da itacen gangar da ake ajiye ruwan a ciki. Ta ce inabi iri ɗaya, in an shuka shi a gabas da dutse da yamma da dutse, ɗanɗanonsa ba ya zama ɗaya, kuma akwai dalili, kuma ana iya gano dalilin. Ta ce wanda ya san yadda abin nan ke farawa shi ya san yadda ake hana shi. Za ta dawo ta yi zoɓon da zai yi wata da watanni a kwalba bai motsa ba, ta yi ruwan khal, ta yi lemon kwalba na mangwaron da ke ruɓewa a kasuwa. Tana magana ina ganin ƙaramar yarinyar nan mai matsa gora da yatsa. Amsar tambayarta ce ta samo, mai tsawo, a wata ƙasa.

Baffanta, ƙanin mahaifinta, mai sayar da shanu, ya zo da ya ji labari. Tun daga zaure yake faɗa.

"'Yar yayana ce za ta je koyon dafa burkutun Turawa? A Sabo? Da wane ido za mu shiga masallaci? Ke kuma kina zaune kina kallo!"

Ta bar shi ya gama, ta kawo masa ruwa. Da ya tafi ta ce mini, "Baffa surutunsa na kwana biyu ne. Naki nake jira, Mama. In kin sa albarka zan tafi. In ba ki sa ba, ba inda za ni."

Da ma ta gudu ne, da ya fi mini sauƙi.

Na koma wurin malama.  Ta ce sanin abu daban, yin sa daban, sai in tambayi yarinyar me hannunta zai yi a can. Na yi ta juya maganar har abinci ya daina shiga. In na ce a'a, na rufe wa marainiya ƙofar da Allah ya buɗe mata, wadda ba kowa ake buɗe wa ba. In na ce e, duk kofin da wani ya ɗaga daga abin da ta matsa, da bakina a ciki. Na yi istihara, na tashi kamar yadda na kwanta. Yarinyar kuma lokacin da jami'ar ta ba ta na amsawa yana ta matsowa.

Wata safiya tana shanya a tsakar gida na kira ta.

"Ke, zo. A can ɗin, da hannunki za ki matsa inabin?"

"E. Kowane ɗalibi sai ya yi nasa."

"In ya nuna, zubarwa ake yi?"

"A'a. Ana ɗurawa a kwalba."

"A sha?"

"A sha."

"Ɗanɗanon fa? Can ba ƙawarki."

Ta daɗe tana murza rigar da ke hannunta. "Ana kurɓa ne a tofar. Zan roƙe su su ɗauke mini. Ban sani ba ko za su yarda."

Da ta ce mini za su yarda, wataƙila da na kama wannan na riƙe. Amma ba ta iya ƙarya ba, ni na hana ta koya.

Na ce, "Ke, na sa miki albarka tun ranar da aka miƙo mini ke, kuma ba zan janye ba har in mutu. Amma wannan karatun, na nemi bakin da zan sa masa albarka, ban samu ba. Na nema, Allah ya sani."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Mama." Ta koma ta ƙarasa shanyarta, ta kama kowace riga da maƙalli kamar ana iska, alhali ko ganye ba ya motsi.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Da takardar bautar ƙasa ta fito, Arewa aka tura ta. Ta yi shiri ba hayaniya. Ana gobe tafiyar na sauko da tukunyar daga kan rumfa, na wanke ƙurar da ta yi. Da asuba na dafa, kaɗan, daidai gora biyu. Na sa citta da yawa yadda take so. Ban sa ɓawon abarba ba.

Na raka ta tashar Ojoo, ni da ban cika fita ba. Tasha cike, 'yan kamasho na kiran garuruwa, ana ɗaure buhuna a saman mota. Ta samu wuri a gefen taga. Na miƙa mata gorunan a leda, da sauran ɗuminsu. Ta taɓa, ta dube ni.

"Mama, kin dafa?"

"Ki shanye kafin ku kai Oyo. Kada ki bari ya wuni."

Ta yi wata 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. "Na sani, Mama. Wannan kam na sani."

Motar ta tashi. Na tsaya har ta haye titi ta ɓace cikin manyan motoci.

A can ta zauna bayan bautar ƙasar. Tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, ta yi aure, tana da yara. Tana kirana kowace Juma'a, tana aiko mini da abin da ta samu, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Mutanen layi suna cewa na yi sa'ar 'ya, kuma gaskiya ne. In aka sake yi mini tambayar nan yau, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa, don ba ni da wata. Sai dai fuskar da ta shigo da ita ranar nan da rana tsaka, ban ƙara ganinta ba, ko ranar bikinta.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta a waya ko tana tuna gonakin nan na gindin dutse.  Sai ta ce, "Mama, ana ruwa a Ibadan kuwa? Mu nan har yanzu shiru."

Na ce ana yi. Muka yi hirar ruwa.

Tukunyar tana kan rumfa a kife. Hajiya mai alkaki ta yi ta nema in sayar mata, na ce ba yanzu ba.